Bugu na biyu yana ɓacewa, ƙwauri yana zafi: amsa a kan taka fedar babbar ganga

"Malam, barka da aiki. Shekarata biyu ina kaɗa gangunan zamani a majami'armu a nan Kaduna. Hannuwana ba laifi, amma ƙafar dama ta zame mini matsala. Duk inda ake son bugu biyu a jere a babbar ganga, na farko ne kawai ke fita, na biyun sai ya ɓace, musamman idan waƙa ta ɗauki zafi. Kafin a yi minti goma kuma ƙwaurina ya fara raɗaɗi. Wani ya ce in riƙa ɗaga diddige, wani ya ce in ajiye shi, wani kuma ya ce fedarmu ce ta tsufa, in tara kuɗi in sayi mai kai biyu. Wanne zan bi?"

Ƙanena, sannu da ƙoƙari. Idan na fahimce ka, abu uku ka kawo: bugu na biyu da ba ya jiyuwa, zafin ƙwauri, da shawarwarin da suka ci karo da juna. A ganina biyun farko tushensu ɗaya ne, wato ƙafarka ba ta sakin feda bayan ta buga. Idan aka gyara wannan, maganar diddige za ta yi sauƙi, maganar sayen sabuwar feda kuma za ta iya jira. Amma bari mu bi abin daki-daki, domin gyaran ba daga ƙafa yake farawa ba.

Feda inji ce mai sauƙin fahimta. Akwai allon da kake takawa, akwai sarƙar da ke jan sanda mai juyawa, akwai guduma a kan sandar, sai sifirin a gefe. Wannan siffa ta daɗe. William F. Ludwig ya yi rajistar fedarsa a Amurka a 1909, kuma ita ce ta sauƙaƙa wa mutum ɗaya haɗa aikin da a ƙungiyar badujala ake raba wa mai babbar ganga da mai ƙaramar ganga. Tun daga lokacin an sauya ƙarfe, an sauya sarƙa, an ƙara notuna na gyare-gyare, amma rabon aikin yana nan yadda yake: kai ne mai tura guduma gaba, dawo da ita baya kuwa aikin sifirin ne da kuma fatar gangar da ke tunkuɗo ta. Ƙafarka ba ta da hannu a dawowar, sai dai ta ba da hanya ko ta tare.

Ƙarar bugu tana zuwa ne daga saurin da guduma ta tara kafin ta sami fata, kuma ba za ta tara sauri ba sai ta sami tazarar gudu. Bugunka na farko yana fita saboda guduma ta taso daga can baya. Bayan ta buga, idan nauyin ƙafarka yana kan allo, ba za ta ja baya ba sai kamar faɗin yatsa biyu. Daga nan ka sake takawa, ta taɓa fata dai, amma taɓawar da ko mai gitar bes da ke tsaye kusa da kai ba zai ji ba. Ka kuma duba lokacin da kake da shi. A ce waƙa tana tafiya a bugu 120 a minti. Kowane bugu rabin daƙiƙa ne. Idan aka raba shi gida huɗu, kamar yadda bugu biyu a jere ya saba zama, tsakanin na farko da na biyu kashi ɗaya ne cikin takwas na daƙiƙa. A cikin wannan ɗan taƙin ne guduma za ta bar fata, ta koma baya, ta sake dawowa. Duk wani jinkiri wurin sakin allo, daga cikin wannan lokaci ake cire shi. Shi ya sa abin yake yi maka daidai a waƙa mai sanyi, ya lalace idan an ɗauki zafi.

Zafin ƙwauri ma daga nan yake. Naman da ke gaban ƙwauri shi ne mai ɗaga tafin ƙafa sama, na bayan ƙafa, wato sharaɓa, shi ne mai danna shi ƙasa. Na bayan ƙaƙƙarfa ne, da shi kake tafiya da hawan bene kullum. Na gaban siriri ne, bai saba da aiki mai yawa ba. Idan diddigenka yana ƙasa, duk sakin feda a wuyansa yake. Idan kuma ka ɗaure ƙafa saboda tsoron kada bugun ya kuɓuce maka, sai naman gaba da na baya su riƙa ja a lokaci guda, ɗaya na dannawa ɗaya na ɗagawa. Minti goma ma ka yi ƙoƙari.

Fara da kujera

Duk ɗalibin da ya zo mini da kukan ƙafa, kafin in dubi ƙafar sai na dubi mazauninsa. A wurare da yawa ana sayen ganguna a manta da kujera, sai a jawo ta roba irin ta taro a ba mai kiɗa. Kujerar roba gajera ce ga yawancin manya, mazauninta ya gangara baya, ga hannuwa a gefe da ke hana cinya buɗewa. Wanda ya zauna a kanta gwiwarsa tana sama da ƙugunsa, bayansa ya lanƙwashe, kuma don kada ya kife baya sai ya jingina nauyinsa a kan fedojin nan biyu, wato ta babbar ganga da ta hai-hat, faya-fayan ƙarfe biyu da ƙafar hagu ke buɗewa da rufewa. Ƙafar da take riƙe da nauyin jiki ba za ta iya sakin allo da sauri ba, ko da fedar wace iri ce.

Abin da ake so shi ne ƙugu ya ɗan fi gwiwa tsawo, cinya ta ɗan gangara gaba kaɗan. Ka zauna a gaban kujera yadda rabin cinyarka yake waje, kada bakin kujera ya tokare ta. Sannan ka duba nisa: idan ka ɗora ƙafa a kan allo, idon sawunka ya kasance daidai ƙarƙashin gwiwa ko ya ɗan wuce ta gaba. Idan ƙafar ta shige ƙarƙashin gwiwa zuwa baya, ka matso da yawa, kuma a wannan zama naman ƙwauri a ɗaure yake tun kafin ka buga komai. Sau da yawa ja da kujera baya da faɗin tafin hannu ɗaya yana rage zafin nan a rana guda. Yatsun ƙafa da gwiwa kuma su kalli wuri ɗaya. Idan sai ka murɗa ƙafa kafin ta hau allo, gangar za ka juya, ba ƙafar ba.

Ga gwajin da nake sa kowa ya yi. Zauna kamar za ka fara kiɗa, ka ɗaga ƙafafu biyu daga fedoji kaɗan, ka ƙirga zuwa goma kana numfashi yadda ka saba. Idan ka kwanta baya, ko ka riƙe numfashi, ko ka nemi dafa wani abu, to a kan feda kake zaune. Gyara tsawo da nisa har sai ka iya yin wannan ba tare da kokawa ba. Idan babu kujerar ganga ta ainihi, kujerar katako marar hannu da kafinta ya yanka daidai tsawonka, da ɗan soso mai tauri a kai, ta fi ta roba nesa ba kusa ba.

Ƙasa ma tana da magana. A kan tayil ko siminti babbar ganga tana guduwa gaba da kowane bugu, kai kuma kana miƙa ƙafa kana binta ba ka sani ba. Shimfiɗa kafet wanda zai ɗauki ganga da kujera gaba ɗaya, ka sauke ƙafafun gangar nan biyu su kama shi. Silifas kuma a ajiye shi gefe, domin yatsu suna ƙanƙame shi don kada ya fita, wannan ƙanƙamewa kuwa ɗaure ƙafa ce. Takalmi marar nauyi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa ya fi, kuma wanda ka yi atisaye da shi, da shi za ka hau dandamali.

Diddige sama ko ƙasa

Waɗanda suka ba ka shawara kowannensu yana da gaskiyarsa. Diddige a ƙasa yana ba da iko a kan bugu mai taushi. Masu kiɗan jaz sun daɗe suna amfani da shi don shafa babbar ganga a hankali a kowane bugu, yadda ake jinta a jiki fiye da a kunne. A wurinka, lokacin addu'a ko waƙa mai sanyi da mutum ɗaya yake rerawa, wannan ne ya dace. Diddige a sama kuwa yana ba ka nauyin ƙafa gaba ɗaya tun daga cinya, don haka ƙara tana samuwa ba tare da wahalar da ƙwauri ba. A ɗaki mai cike da jama'a, ga lasifika, ga gita da piyano, ga babbar gangar da watakila ba a sa mata makirfo ba, diddige a sama ne zai fitar da kai. Ra'ayina shi ne ka mai da shi babbar hanyarka, ka riƙe ɗayan don wurin da ake son laushi.

Sai dai akwai kuskuren da ake yi da "ɗaga diddige". Mutum sai ya tsaya a kan yatsu, diddige can sama, cinya a rataye daga farkon waƙa har ƙarshenta. Wannan mayar da zafin ne daga ƙwauri zuwa gindin cinya. Ɗagawar da ake nufi kaɗan ce, kamar faɗin yatsa biyu ko uku daga allo. Ƙafa tana tashi ne dab da bugu, ta faɗo da nauyinta, sannan diddige ya sauka ya huta idan akwai sarari kafin bugu na gaba. Tudun da ke bayan yatsu shi ne mai taka allo, kuma ba ya rabuwa da shi. Idan kana jin ƙarar takalmi yana marin allo, ƙafarka tana tsalle fiye da kima. Wurin takawa kuma ba can ƙurya kusa da sarƙa ba ne. Ja baya kaɗan, zuwa wajen kashi biyu cikin uku na tsawon allo daga diddige. A nan ɗan motsi kaɗan yana kai guduma nesa.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe. Bayan guduma ta buga, ko dai ka bar ta manne da fata, ko ka bar ta ta dawo. Manne ta yana ba da sauti gajere, busasshe, kuma manyan makaɗa da yawa haka suke yi da gangan. Ba laifi ba ne. Amma wanda bai iya komai ba sai mannewa, ba zaɓi ya yi ba, kuma shi ne bugunsa na biyu yake mutuwa. Don haka na wasu makonni ka hana kanka mannewa sam. Buga sau ɗaya, ka bar guduma ta dawo da kanta har inda ta taso, ƙafarka tana bin allo sama ba tare da ta danne shi ko ta bar shi ba. Za ka ji sautin gangar ya sauya, ya yi zurfi ya yi faɗi, domin fata ta sami damar kaɗawa. Da farko guduma za ta riƙa rawa tana sake taɓa fata. Maganin wannan shi ne saukar da diddige nan take bayan bugu: nauyi ya koma baya, gaban ƙafa ya yi sakayau.

Gyaran fedar kanta

Tsufan feda ba cuta ba ne. Fedar da ake kira Ludwig Speed King ta fito tun 1937, kuma irinta John Bonham na ƙungiyar Led Zeppelin ya taka a shekarun 1970, da ƙafa ɗaya, yana fitar da bugu biyu-biyu da har yau ɗalibai suke kokawa da su. Abin dubawa shi ne ko taku tana da lafiya. Cire ƙafa, ja guduma baya da hannu ka sake ta. Lafiyayyar feda za ta yi lilo sau da dama kafin ta tsaya. Idan ta tsaya nan take, ko tana ƙara, to datti ne ko tsatsa. Ƙurar hunturu tana shiga maɗaurin allo da sarƙa da mahaɗin sifirin, ta haɗu da tsohon mai ta zama laka. A goge da tsumma da tsohon buroshin haƙori, a ɗiga man keken ɗinki kaɗan, a share ragowar don kada ya sake kama ƙura. Idan allo yana girgiza hagu da dama, a duba fil ɗin da ke wurin diddige. Sifirin da ya saki kuma ana sauya shi shi kaɗai.

Idan feda tana hutawa, gudumar ta kwanta baya kamar rabin hanya tsakanin tsaye da kwance, wato wajen digiri 45 daga fata. Na sha ganin wadda aka ɗaure dab da fata da tunanin za ta fi sauri. Tana isa da wuri, amma ba ta da ƙara, sai mai kiɗa ya rama da ƙarfin ƙafa. Tsawon sandar guduma kuma a daidaita shi yadda za ta sami tsakiyar fata ko sama da tsakiya kaɗan, a ganga mai inci 22 da aka fi samu. Sifirin ya zama tsaka-tsaki. Idan ya yi sako-sako, allo ba zai biyo ƙafarka sama da wuri ba. Idan ya yi tauri, kowane bugu sai ka yi dambe da shi. Gwaji mai kyau: ɗora ƙafa a kan allo ka sake ta gaba ɗaya. Guduma ta tsaya a tsakiyar hanya, kada nauyin ƙafa kaɗai ya kai ta ga fata. Idan ka sami wurin da ya yi maka, ka sa alama a noti, domin ganga ta jama'a ce, kowa da hannunsa.

Fata ma tana cikin lissafi. Wadda aka saki har ta yi yamutsa, aka kuma cika cikin gangar da matashin kai da tsofaffin labule, ba ta tunkuɗo guduma ko kaɗan. Ɗaure ta har yamutsar ta ɓace ka ƙara kaɗan, ka bar matashi ɗaya yana ɗan taɓa ta.

Bugu biyu iri biyu ne

Nan ne yawancin bayani yake gajarcewa. Ana maganar bugu biyu kamar abu ɗaya ne, alhali a kiɗa iri biyu ne, kuma motsin ƙafarsu ya bambanta. Akwai wanda na farko share fage ne, na biyu ne yake sauka a kan babban bugu: ƙarami sannan babba. Akwai kuma wanda na farko ne a kan babban bugu, na biyu yana bin sa a baya: babba sannan ƙarami. Kafin ka zaɓi dabara, ka rera salon da baki, ka ji wanne ne mai nauyi a cikin biyun.

Idan ƙarami ne sannan babba, ga yadda ake yi. Ƙafa tana tashi, a kan hanyarta ta tashi sai idon sawu ya ɗan danna allo da gaban ƙafa, wannan shi ne bugu na farko. Daga nan ƙafa gaba ɗaya ta faɗo, bugu na biyu ke nan. Motsi ɗaya ne na cinya, sama da ƙasa, amma ya haifi bugu biyu. Kuskuren da nake zargin kana yi shi ne ɗaga cinya sau biyu, ko zuba duk nauyi a na farko har babu abin da ya rage. Rage na farko. Na biyun kake nufa, na farkon a hanya aka same shi. Wasu suna ƙara wa wannan zamiya: su yi na farko a tsakiyar allo, su zame gaba kaɗan su yi na biyu. Zamiyar tana taimakawa idan sauri ya ƙaru, kuma tana son allo mai santsi da takalmin da ba ya kamawa. Kada ta wuce faɗin yatsa biyu ko uku. Idan ka bar ta, sau da yawa da kanta take zuwa.

Idan babba ne sannan ƙarami, sai a juya. Ƙafa ta faɗo da nauyinta, diddige ya sauka, bugu na farko. Guduma ta dawo. Sai gaban ƙafa ya danna yayin da diddige yake tashi, bugu na biyu, kuma ga ka a shirye don faɗowa ta gaba. Idan ka taɓa tsayawa wurin tela mai keken ƙafa, ka ga wannan motsi: diddige da yatsu suna karɓa-karɓa a kan allo ɗaya, ƙafar ba ta barin sa, kuma tela bai gajiya domin yana tafiya da juyin keken ne maimakon ya yi faɗa da shi. Lura cewa ba sai diddige ya taka allon ba. Masu babbar ƙafa suna ganin dabarar ta fi ƙarfinsu saboda allo gajere ne, alhali saukar diddige ce take jefa nauyi, gaban ƙafa ne yake isar da shi.

Wannan nau'i na biyu za ka ji shi sosai a wurin Tony Allen, wanda aka haifa a Legas a 1940 ya rasu a Faris a 2020, ya kuma yi kiɗa tare da Fela Kuti daga 1964 har ƙarshen shekarun 1970. A salonsa na Afrobit sau da yawa babbar ganga tana faɗin bugu biyu manne da juna a farkon zagaye, sannan ta yi shiru ta bar wa ƙaramar ganga da hai-hat fili. Ka nemi bidiyonsa ka dubi jikinsa. Yana zaune shiru, kafaɗu a sake, ba ya dukan komai da ƙarfi, kuma waƙoƙin nan suna wuce minti goma. Da ƙarfin tsiya yake yi, da ba zai kai ƙarshensu ba. Na fi so ka saurare shi fiye da masu gudun ƙafa na intanet, domin kiɗansa ya fi kusa da abin da ake buƙata daga gare ka.

Akwai wata dabara ta karkaɗa diddige hagu da dama da masu kiɗan gudu sosai suke amfani da ita. Ba fannina ba ce, kuma abin da kake kaɗawa bai kai ga buƙatarta ba.

Yadda za ka yi atisaye

Sa manhajar metronom, wato mai ƙirga maka bugu a saurin da ka zaɓa, a wayarka, akwai na kyauta. Fara a 60. A wannan saurin tsakanin bugu biyun kashi ɗaya ne cikin huɗu na daƙiƙa, ninki biyu na lokacin da kake samu a 120, kuma idonka zai iya ganin abin da guduma take yi. Minti biyar na farko bugu ɗai-ɗai kawai, kana kallon guduma tana komawa har baya. Sannan bugu biyu, ƙafa ita kaɗai, ka huta bugu uku, ka sake. Abin da kake dubawa ɗaya ne: kafin bugu na biyu, guduma ta dawo aƙalla rabin hanya? Idan ba ta dawo ba, rage sauri. Babu amfanin maimaita abin da bai yi daidai ba, jiki zai haddace shi ne kawai.

Idan wannan ya zauna, shigo da hannuwa: hai-hat biyu a kowane bugu, ƙaramar ganga a na biyu da na huɗu. Nan za ka ga wani abu. Hannun dama zai so ya bi ƙafa, ya ƙara bugun da ba nasa ba, ko ya yi tuntuɓe a daidai inda ƙafa ta shiga tsakanin bugunsa biyu. Wani lokaci ƙafar ta iya aikinta, haɗuwa da hannu ce ba ta zauna ba. Maganinsa shi ne a rage sauri har sai ka san, a kowane gida cikin huɗun, wa da wa suke sauka tare, wa yake shi kaɗai. Daga nan ka riƙa matsar da bugu biyun: ya fara a gida na ɗaya, gobe a na biyu, jibi a na uku, sannan a na huɗu inda zai ƙetara ya sauka a kan babban bugu na gaba. Wuri huɗun nan kowanne da ɗanɗanonsa, kuma za ka tarar ɗaya ya fi sauran yi maka wuya. A kansa za ka daɗe.

Ƙara sauri da huɗu ko biyar kawai, kuma sai ka yi minti biyu cur ba tare da ɓata ba kuma ba tare da ɗaure ƙafa ba. Ajiye waya a gaban babbar ganga ka ɗauki sauti. Daga kan kujera ƙafa tana gaya maka ta buga, amma abin da ya isa kunnen jama'a waya ce za ta faɗa maka. Kwata ɗaya na awa kullum ya fi awa uku ranar Asabar, domin naman ƙwauri da idon sawu a hankali suke sabawa. A abin da na gani wurin ɗalibai, sautin bugu ɗaya yana gyaruwa cikin kwanaki, bugu biyu mai tsabta a saurin waƙa kuwa maganar watanni ce. Kada wannan ya karya maka gwiwa.

Na san ganguna a kulle suke yawancin mako. A gida, zauna a kujera mai tsawon da ya dace, ka yi motsin nan biyu a ƙasa da metronom. Ba zai koya maka dawowar guduma ba, tunda babu sifirin, amma zai koya wa cinya da idon sawu karɓa-karɓa. Idan shugabanni za su yarda ka riƙa tafiya da fedar gida, ka ɗaure ta a guntun katako, ka jingina matashi mai tauri a bango ta riƙa bugawa.

Feda mai kai biyu da maganar ciwo

Makaɗin jaz Louie Bellson ne ya shahara da babbar ganga biyu, kowace ƙafa da tata, tun shekarun 1940, feda mai kai biyu kuma ta zo daga baya don a sami wannan a ganga ɗaya. Kayan aiki ce mai kyau ga kiɗan da yake buƙatarta. Amma ba za ta gyara ƙafar damarka ba. Za ta ƙara maka ƙafar hagu da ba ta iya ba tukuna, ta kuma ɗauke ta daga hai-hat, inda buɗewa da rufewa suke ba irin kiɗanmu rabin daɗinsa. Idan kuɗi ya samu, kujera mai hawa da sauka ce farko, sai sabuwar fata idan taku ta lotsa, sannan feda mai kai ɗaya mai lafiya.

Ban ga zamanka ba, ban taɓa fedarku ba, don haka abin da na faɗa na kan abin da ka rubuta ne. Idan akwai gogaggen mai kiɗa kusa da kai, ka roƙe shi ya tsuguna gefenka ya kalli ƙafar minti biyar, ko ka ɗauki bidiyonta daga gefe ka kalla da kanka. Game da zafi kuma, raɗaɗin nama da yake tafiya bayan ɗan hutu gajiya ce, ka tsaya, ka miƙe ƙafa, ka juya idon sawu, ka dawo. Amma ciwo mai suka a gwiwa ko idon sawu ko gindin cinya, ko kumburi, ko ƙafa ta riƙa mutuwa, ko zafin da ya kwana ya wuni, wannan na likita ne, kada ka ci gaba da takawa a kansa.

Kafin ƙafar ta nuna, ranar Lahadi kada ka tilasta bugu biyu a waƙar da ta fi saurinka. Zauna da mai gitar bes kafin a fara, ku duba wuraren. Ka buga mai nauyin cikin biyun kawai, da cikakkiyar ƙara kuma a kan lokaci, shi ya cike ƙaramin da gitarsa. A waƙoƙi masu matsakaicin sauri sai ka fara shigo da biyun, a amshi kaɗai tukuna, sannan a dukan waƙar idan ka ji ƙafar ba ta ɗaurewa.